Darasi: Nisan Tafiya da Lokacin Tafiya a Jirgin Sama, Daga Singafo Zuwa Niyu Yok

Tun a ajin lissafi na farko ake koya wa ɗalibi cewa idan yana son sanin tsawon lokacin da tafiya za ta ci, sai ya raba nisan hanya da gudun abin hawa. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa za ta cinye kilomita 300 cikin awa 3. Ƙa'idar ba ta da aibu, amma duk wanda ya ɗauke ta yadda take ya ɗora wa jirgin sama zai yi kuskuren awoyi. Misalin da za mu bi a wannan darasi shi ne ɗaya daga cikin tafiye-tafiye mafi tsawo da jirgin fasinja ke yi ba tare da ya yada zango ba, wato daga filin jirgin Changi na Singafo zuwa filin John F. Kennedy na birnin Niyu Yok a Amurka, wadda kamfanin Singapore Airlines ya fara a 2020. Tsakanin filayen biyu kilomita 15,349 ne. Jirgin yana gudun kusan kilomita 900 a awa, don haka lissafin aji zai ba mu awa 17. Amma abin da ke rubuce a tikiti yana tsakanin awa 18 da 19, lokacin zuwa da na dawowa ba su cika zama ɗaya ba, kuma sau da yawa matuƙan kan bar gajeriyar hanya da gangan su bi mai tsawo. Abin da darasin nan zai tabbatar shi ne nisa tsayayyen abu ne da siffar duniya ta yanke, lokaci kuwa kullum sai an sake ƙulla shi daga iska da dokar ƙasashe da nauyin mai. Wanda ya san nisa kaɗai rabin amsa ya riƙe.

Nisan kansa, da yaudarar taswira

Kafin a zo kan lokaci, sai an gyara fahimtar nisa, domin taswirar da ke rataye a bangon aji tana ruɗin ido. Duniya dunƙulalliya ce, kewayenta a tsakiya ya kai kusan kilomita 40,075, kuma babu yadda za a shimfiɗa dunƙulallen abu a kan takarda ba tare da an ja wani sashe ya miƙe fiye da ƙima ba. Taswirar da aka fi sabawa da ita, wadda Gerardus Mercator ya fitar a 1569 don amfanin matuƙan jiragen ruwa, tana kumbura ƙasashen da ke can arewa da can kudu. A kanta tsibirin Girinlan yana kama da ya kai Afirka girma, alhali Afirka ta ninka shi kusan sau 14. Idan girman ƙasa ya gurɓace haka, tilas tsawon hanya ma ya gurɓace. Layin da ka ja da rula daga Singafo zuwa Niyu Yok a kan irin wannan taswira zai yi kama da miƙaƙƙiyar hanya, amma a kan doron duniya zagaye ne mai nisa.

Gajeriyar hanya ta gaskiya tsakanin wurare biyu ita ce wadda masana ke kira babbar da'ira, wato layin da in aka ci gaba da jan sa zai raba duniya gida biyu daidai wa daida. Kowa zai iya gwadawa da dunƙulalliyar taswira da zare: a ɗora bakin zaren a kan Singafo, a ja shi ya ɗame, a kai ɗaya bakin kan Niyu Yok. Zaren ba zai bi ta gabas ko yamma ba. Zai haura arewa ta kan Sin da Saiberiya, ya gifta daf da ƙuryar arewacin duniya inda ƙanƙara ke daskare, ya gangaro ta Kanada. Tsawon wannan zare ne kilomita 15,349 ɗin da muka ambata. Wannan ƙa'ida ba baƙuwa ba ce ga Musulmi, ko da bai san sunanta ba, don da ita ake fitar da alƙibla. Birnin Niyu Yok ya fi Makka kusa da arewa nesa ba kusa ba, mai kallon shimfiɗaɗɗiyar taswira zai rantse alƙiblarsa kudu maso gabas take, amma masallatan birnin arewa maso gabas suke fuskanta, domin ta can ne hanya mafi kusa zuwa Ka'aba ta bi.

Kogin iska

Jirgi a cikin iska yake tafiya, ita kuma iskar ba a tsaye take ba. A tsayin kilomita 9 zuwa 12 daga ƙasa, daidai inda jiragen fasinja ke shawagi, akwai wasu siraran hanyoyi da iska ke kwarara a cikinsu da ƙarfin gaske daga yamma zuwa gabas, waɗanda za mu kira kogunan iska. Gudunsu kan kai kilomita 150 zuwa 250 a awa, a lokacin hunturu ma yakan zarce 300. Abin da ke haifar da su shi ne karon da iskar sanyi ta ƙuryar duniya ke yi da iskar zafi ta tsakiyarta, sannan jujjuyawar duniya ta karkata kwararar ta nufi gabas. Wani masanin yanayi ɗan Japan, Wasaburo Oishi, ya auna su da balan-balan tun a shekarun 1920, amma duniya ba ta farga da aikinsa ba sai da matuƙan jiragen yaƙin Amurka suka yi arba da su a sararin Japan a yaƙin duniya na biyu, suka ga jiragensu na fama da ƙyar idan sun fuskanci yamma. Halin jirgi a cikin wannan iska kamar na mai kwale-kwale ne a kogin Kwara: da ƙarfin tuƙi ɗaya, mai bin ruwa zai isa da wuri, mai haurawa kuwa sai ya yi gumi.

Hujja mafi bayyana tana kan hanyar Landan da Niyu Yok, mai nisan kusan kilomita 5,550. Zuwa Amurka kan ci wajen awa 8 a jadawali, dawowa Landan kuwa wajen awa 7, jirgi ɗaya, nisa ɗaya. A watan Fabrairun 2020, lokacin wata guguwa mai ƙarfi a Tekun Atilantika, wani jirgin British Airways ya taso daga Niyu Yok ya sauka a Landan cikin awa 4 da minti 56. A wani sashe na tafiyar gudunsa bisa ƙasa ya haura kilomita 1,300 a awa, alhali injinansa ba su yi wani aiki da ya wuce na kullum ba. A nan ya kamata ɗalibi ya rarrabe abu biyu da matuƙa ke rarrabewa: gudun jirgi a cikin iskar da ke kewaye da shi, wanda kusan bai canzawa, da gudunsa idan aka auna shi da ƙasar da ke ƙarƙashinsa, wanda shi ne ke yanke lokacin isa. Na biyun shi ne na farkon a haɗa da gudun iska in tana turowa daga baya, ko a ɗebe shi in tana bugowa daga gaba.

Akwai wani abu a lissafin nan da mutane da yawa ba su lura da shi, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Za a zaci abin da iska ta ƙwace a zuwa za ta mayar da shi cif a dawowa. Mu gwada. Idan babu iska, kilomita 5,550 a gudun 900 awa 6 ne da minti 10, zuwa da dawowa awa 12 da minti 20. Yanzu a sa iska mai gudun 150. Mai tafiya yamma gudunsa ya koma 750, zai ci awa 7 da minti 24. Mai tafiya gabas gudunsa ya zama 1,050, zai ci awa 5 da minti 17. Jimilla awa 12 da minti 41, wato an yi asarar minti 21. Dalili shi ne jirgin ya fi daɗewa a ɓangaren da iska ke cutarsa fiye da ɓangaren da take taimakonsa. Saboda haka matuƙi mai hankali ba ya miƙa wuya ga iska, nemanta yake in za ta tura shi, ya kauce mata in za ta tare shi, ko da hakan zai ƙara masa ɗaruruwan kilomita. Shi ya sa a kowace rana cibiyoyin kula da zirga-zirgar jirage na Gander a Kanada da Prestwick a Sikotlan suke sake zana hanyoyin tsallake arewacin Atilantika gwargwadon inda kogin iska ya kwana.

Da wannan za a gane abin da jirgin Singafo ke yi. Idan ya tashi zuwa Niyu Yok, yawanci gabas yake nufa, ya bi ta kusa da Japan, ya ratsa arewacin Tekun Fasifik da Alaska, iska na tura shi. Idan zai koma gida, sau da yawa ba ya juyowa ta inda ya zo, sai ya ƙara nufar gabas, ya haye Atilantika, ya bi ta Turai da yankin Indiya. A irin wannan rana zuwa da dawowarsa kewaya duniya ne baki ɗaya. Hanyoyin biyu duk sun fi zaren babbar da'ira tsawo, wani lokaci da fiye da kilomita 1,000, amma ana zaɓarsu don sun fi sauri ko sun fi tsimin mai.

Wani zai ce ai bayanin ya fi haka sauƙi: duniya ce ke juyawa a ƙarƙashin jirgi, shi ya sa zuwa da dawowa suka bambanta. Tunanin yana da ma'ana, domin a tsakiyar duniya ƙasa na tafiya gabas da gudun kusan kilomita 1,670 a awa. Amma da haka ne, mai tafiya yamma shi zai riga isa, tunda masaukinsa na tahowa ya tarye shi, kuma jadawalin jirage akasin haka yake nunawa. Gaskiyar ita ce jirgin da ke tsaye a kan titinsa yana tafiya tare da ƙasa, iskar da zai shiga ita ma tare da ƙasa take juyawa, don haka tashinsa sama ba ya raba shi da wannan tafiya. Jujjuyawar duniya na da hannu a lamarin, amma ta bayan gida: ita ce ke karkata kogunan iska su nufi gabas. Kuma da yake waɗannan koguna sun fi ƙarfi a sararin Turai da Amurka ta Arewa da Japan fiye da ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya, matafiyi daga Kano zuwa Nairobi ba zai ga irin tazarar da mai zuwa Amurka daga Landan ke gani ba.

Sararin sama ma yana da masu shi

Abu na biyu da ke raba lokaci da nisa shi ne doka. Kowace ƙasa ce ke da iko da sararin da ke bisa ƙasarta, tana iya buɗewa ko ta rufe. Kafin 2022 jirgin Finnair kan tashi daga Helsinki ya ratsa Rasha ya sauka a Tokiyo cikin wajen awa 9. Da yaƙin Yukren ya ɓarke, Tarayyar Turai da Rasha suka rufe wa jiragen juna sararinsu, sai tafiyar ta koma wajen awa 13, ko dai ta ƙuryar arewacin duniya ko ta kudu da Rasha. Helsinki da Tokiyo ba su matsa ko taku ɗaya ba, amma an ƙara awa 4. Wannan ma komawa ce ga tsohon hali, don a zamanin yaƙin cacar baka jiragen Turai masu zuwa Japan sai sun yada zango a Anchorage ta Alaska sun sha mai. Akwai kuma dokar kiyaye rai. Jirgi mai inji biyu ba a barinsa ya yi nesa da filin da zai iya saukar gaggawa fiye da wani ƙayyadadden lokaci. A da minti 60 ne, aka ƙara zuwa 120 a 1985, daga baya 180, wasu sababbin jirage ma an ba su fiye da awa 6. Wannan doka kan tanƙwara hanya a kan manyan tekuna, kuma babu mai hankalin da zai yi ƙorafi a kanta, hanyar lafiya a bi ta da shekara.

To me zai hana a ƙara gudu a huce asarar? An gwada. Jirgin Concorde na Ingila da Faransa, wanda ya yi jigilar fasinja daga 1976 zuwa 2003, yana gudun fiye da kilomita 2,000 a awa, yana tsallake Atilantika cikin wajen awa 3 da rabi. Amma fasinja 100 kacal yake ɗauka, yana shan mai kamar ba gobe, ƙararsa kuma ta sa ƙasashe da dama suka hana shi wannan gudu a bisa garuruwansu. Jirgin fasinja na yau, da zarar ya kusanci gudun sauti, turjiyar iska kan ƙaru farat ɗaya, ɗan ƙarin gudu sai ya ci mai mai yawa. A doguwar tafiya kuwa mai shi ne komai, domin man da za a ƙona a awa ta 18 sai an ɗauke shi tun daga tashi, ɗaukarsa kuma wani man take ci. Jirgin Airbus A350 na musamman da Singapore Airlines ya saya don irin wannan tafiya yana ɗaukar lita 165,000, kujerunsa kuwa 161 ne kawai, alhali irinsa na yau da kullum kan ɗauki fiye da mutum 300. Kamfanin ya taɓa yin tafiyar Singafo zuwa Newark, kusa da Niyu Yok, da jirgi mai inji huɗu daga 2004, tsadar mai ta sa ya daina a 2013, bai koma ba sai 2018 da ya samu jirgin da ya fi tsimi. Gudun kilomita 900 ɗin nan, ke nan, zaɓi ne na tattali, kuma a ganina zaɓi ne mai kyau, domin shi ya sa talaka ma ke iya tara kuɗin kujera.

Akwai masu zargin cewa kamfanoni na ƙara wa jadawali lokaci ne don a ce ba su makara. Zargin na da ƙamshin gaskiya, ana ƙarawa. Amma a san cewa lokacin da ke kan tikiti yana farawa ne daga sa'ad da jirgi ya motsa daga inda aka yi lodi har ya tsaya a inda za a sauke mutane. Ya haɗa da jan jiki zuwa titin tashi, da jiran layi, da haurawa sama da gangarowa waɗanda ake yi da gudu ƙasa da na shawagi, da kewaye a sama idan fili ya cika. A manyan filaye wannan kaɗai kan ci minti 30 ko fiye. Kamfanin da ya rubuta lokacin da zai cika a rana mai kyau kaɗai zai riƙa sa fasinjojinsa rasa jirgi na gaba. Abin da bai kamata fasinja ya lamunta ba shi ne a bar shi awoyi a zaune a ɗakin jira saboda sakaci, sannan a jingina laifin ga iska. Hazon hunturu na iya hana sauka a Kano, wannan uzuri ne na gaskiya, amma jinkirin da ya faru kafin jirgi ya iso filin ma wani abu ne daban, kuma haƙƙin fasinja ne ya tambayi dalili.

Abin da ya shafe mu, da lissafin agogo

Mai karatu na iya cewa shi da Singafo sai dai a labari. To ga Jidda. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa can kusan kilomita 3,400 ne, gajeriyar hanyar ta bi ta kan Chadi da Sudan ta haye Bahar Maliya, tafiyar awa 4 da rabi zuwa 5. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararinta, jiragen alhazan Najeriya na wannan shekara dole suka yi zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, kuɗin jigila ya ƙaru. A watan Agusta na shekarar, bayan juyin mulki, Nijar ma ta rufe nata sararin na kusan wata guda, jiragen Turai masu zuwa Najeriya da kudancin Afirka suka koma kewaye. Maniyyacin da ya fahimci darasin nan zai san ƙarin awoyi da ƙarin kuɗi daga ina suka fito, zai kuma iya bambance hujja da ƙarya idan aka zo masa da bayani.

Saura abu ɗaya da ya fi kowanne ruɗa matafiya, wato agogo. Tikiti kan rubuta lokacin tashi da agogon garin da aka tashi, lokacin sauka kuma da agogon garin da za a sauka. Saudiyya na gaban Najeriya da Nijar da awa 2. Jirgin da ya bar Kano da ƙarfe 10 na dare ya yi awa 4 da rabi a sama zai sauka Jidda ƙarfe 2 da rabi a agogon Kano, wanda ya yi daidai da 4 da rabi na asuba a can. Mai duba tikiti kawai zai zaci tafiyar awa 6 da rabi ce, a dawowa kuma ya zaci awa 2 da rabi ce. Singafo na gaban Niyu Yok da awa 12 a lokacin bazararsu, 13 a hunturu. Wanda ya tashi Singafo da tsakar ranar Litinin a bazara ya yi awa 18 da rabi a sama zai sauka ƙarfe 6 da rabi na yammacin Litinin ɗin nan. Wanda kuwa ya bar Niyu Yok ƙarfe 10 da rabi na daren Litinin a bazara ya yi awa 19, sai ƙarfe 5 da rabi na asubahin Laraba zai taka Singafo. Haka ma rana take yi wa matafiyi: mai nufar gabas lokutan salla kan riske shi kusa da kusa, mai azumin da ya nufi yamma kuwa zai ga rana ta daɗe ba ta faɗi ba.

Hanyar kauce wa ruɗani ita ce a mayar da lokutan biyu kan agogo ɗaya kafin a ɗebe wannan daga wancan. Kafin darasi na gaba, kowane ɗalibi ya nemi tsohon tikiti na wani alhaji ko ɗan kasuwa a unguwarsu, ya mayar da lokacin sauka kan agogon gida, ya fitar da awoyin da aka yi a tafiya, ya raba nisan da su, sannan ya zo aji da bayanin abin da ya sa gudun da ya samu bai kai kilomita 900 a awa ba.